Garkuwar Shaw Brothers a Kasuwannin Waje: Tarihin Tambarin da Aka Sha Yankewa

 

A watan Maris na 1973, kamfanin Warner Bros. ya saki wani fim ɗin faɗa a gidajen silima na Amurka mai suna Five Fingers of Death. Kafin a ankara ya sha gaban finafinan Hollywood wajen kawo kuɗi, kuma shi ne ya buɗe ƙofar da finafinan kunfu suka yi ta kwarara ta cikinta a wannan shekarar. Sai dai ba Warner ne ya shirya shi ba, kuma ba sunansa na yanka ke nan ba. A Hong Kong aka ɗauke shi, a sutudiyon Shaw Brothers, ya fito a 1972 da sunan King Boxer. Daraktansa ɗan Koriya ne, Jeong Chang-hwa, jaruminsa kuma Lo Lieh. Abin da Warner ya yi shi ne ya sayi izinin nunawa, ya raɗa masa sabon suna, ya sa nasa tambarin a gaba.

Wannan ɗan taƙaitaccen hoto da ke fitowa kafin fim ya soma, lokacin da wasu ke neman wurin zama wasu ke sayen gyaɗa, shi ne batun wannan lacca. Ɗan kallo yakan ɗauka yana gaya masa wanda ya yi fim ɗin ne. A ƙasar da aka yi fim, sau da yawa haka ne. Da zarar fim ya ƙetare iyaka kuwa, abin da tambarin ke nunawa shi ne wanda ke riƙe da kasuwar wannan wuri.

Yadda ake musanya shi a zamanin faifan majigi ba wani abu ne mai wuya ba. Zaren fim mai faɗin milimita 35 yana gudu da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, wato kimanin mita 27 a minti guda. Tambari mai daƙiƙa 15 bai wuce mita bakwai ba, kuma a bakin faifan farko yake. Almakashi da gam sun isa su cire shi su ɗora wani. Ga shi kuma bakin faifai ne ya fi shan wahala, shi ake kamawa da hannu, shi ake zurawa cikin na'ura kowane dare. Idan ya karce ko ya tsinke, mai majigi sai ya datse wurin ya haɗe, ba wanda zai zo ya yi ƙorafi. Saboda haka abokan gabar tambari biyu ne: ɗan kasuwar da ya sayi fim, da tsufan faifai.

Gidan Shaw ya dace da wannan bincike domin tun asali a waje ya yi arzikinsa. 'Yan'uwa huɗu ne 'yan asalin Ningbo: Runje, Runde, Runme da Run Run. Babban wansu Runje ya kafa kamfanin Tianyi a birnin Shanghai a 1925. Ba a jima ba manyan kamfanonin birnin suka haɗa kai don su hana finafinan Tianyi samun gidajen nunawa. Sai aka tura Runme zuwa Singafo, ƙanensa Run Run ya bi shi. Suka riƙa ɗaukar majigi suna shiga garuruwan Malaya, inda leburorin gonakin roba da na haƙar kuza, waɗanda yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Sin, suke da ɗan kuɗi a aljihu amma babu abin kallo. Daga nunawa a fili suka koma hayar gidaje, daga haya suka koma gini. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya iso yankin, gidajen silimar da ke hannunsu sun haura ɗari.

Wannan shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya. Mutanen nan masu gidan silima ne da suka shiga shirya fim don allunansu kada su zauna fayau. A Singafo ma har finafinan harshen Malay suka riƙa yi a sutudiyonsu na Jalan Ampas, inda shahararren mawaƙi kuma jarumi P. Ramlee ya yi tashe, da daraktoci da dama da aka ɗauko daga Indiya.

Run Run Shaw ya koma Hong Kong a 1957, ya kafa Shaw Brothers a 1958, sannan a 1961 ya buɗe katafaren sutudiyo a Clearwater Bay. Wurin gari ne sukutum: zaurukan ɗaukar hoto, titunan tsohuwar Sin da aka gina da katako, ɗakin wanke fim, makarantar koyon wasa, har da gidajen kwanan 'yan wasa. Ana aiki dare da rana. A wannan zamani ne tambarin da duniya ta sani ya zauna daram.

Ga kamanninsa ga wanda bai taɓa gani ba. Garkuwa ce mai haruffan boko biyu, S da B, a kan wani bango mai kama da gilashi mai ƙurji, wanda hasken launuka ke ratsowa ta bayansa. Akwai rubutun Sinanci, akwai na boko. Tare da hoton sai busar ƙaho da ganga ta 'yan daƙiƙoƙi, irin aikin da take yake yi wa sarki, a ji shi tun kafin a ga mai shi. A ƙarshen fim kuma sai allo ya sanar cewa wannan ma wani aikin Shaw ne. Kamfanin yana da kirarin kansa da Sinanci, mai ma'anar cewa duk abin da ya fito daga gidan Shaw to mai kyau ne. Ba a ce kowane fim ya cika wannan alkawari ba. Kamfanin da ke fitar da finafinai da dama kowace shekara, dole a sami na cika kwando.

Duk wanda ya dubi garkuwar nan zai tuna da ta Warner Bros., wadda ta girme ta da shekaru masu yawa. Kamar ta yi yawa, har ba ta buƙatar dogon bayani. 'Yan'uwa ne a can, 'yan'uwa ne a nan. Haruffa biyu a can, haruffa biyu a nan. Shaw yana nuna finafinan Amurka a gidajensa, ya san abin da ɗan kallon Singafo ko Penang yake ji idan ya ga garkuwa a allo: ya san an kashe kuɗi. Saƙon da Shaw ke aikawa shi ne, ga Hollywood ta Gabas, kuɗin tikitinka ba zai tafi a banza ba.

Kashi na biyu na tambarin ma aro ne. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da CinemaScope a fim ɗin The Robe, wato hoto mai faɗi wanda ake matse shi da gilashi na musamman lokacin ɗauka, sannan majigi ya warware shi a allo. Nan da nan kowane babban kamfani ya nemi nasa suna. Toho na Japan ya fito da Tohoscope a 1957. Shaw ya bi sahu a farkon shekarun 1960 da Shawscope, da taimakon ƙwararru daga Japan irin su mai ɗaukar hoto Tadashi Nishimoto. Daga nan kalmar ta shiga tambari, a shimfiɗe daga wannan gefe na allo zuwa wancan, don mutum ya ga faɗin da idonsa tun fim bai fara ba.

Abin lura shi ne tambarin nan tun ranar farko an shirya shi ne don tafiya. Garin Hong Kong ya yi wa kamfani mai wannan girma kaɗan. Yawancin finafinan da Mandarin ake magana a cikinsu, alhali mutanen garin Kantonis suke yi, 'yan ci-ranin Malaya kuma da yawa Hokkien ko wani karin harshe suke ji. Shi ya sa ake buga fassara kashi biyu a ƙasan hoto, rubutun Sinanci wanda duk mai karatu zai gane kowane kari yake yi, da Turanci a ƙarƙashinsa. Kwafi ɗaya sai ya yi aiki a Hong Kong, ya yi a Singafo, ya yi a unguwannin Sinawa na San Francisco ko Landan. A duk waɗannan wurare ba mai taɓa garkuwar, domin gidan silimar ko na Shaw ne, ko na abokin cinikinsa ne da ya san darajarta. The Love Eterne na Li Han-hsiang ya girgiza Taiwan a 1963. One-Armed Swordsman na Chang Cheh ya zama fim ɗin gida na farko da ya kawo dalar Hong Kong miliyan ɗaya a 1967. Ga masu kallon waɗannan, haruffan S da B su ne shedar inganci.

Ɗaya kasuwar kuwa, ta Turai da Amurka, Shaw ba shi da allo nasa a manyan titunanta. A can garkuwar ba ta da wani kwarjini, sai abin da mai saye ya ga dama.

A nan akwai wani abin dariya. Lokacin da Warner ya sayi King Boxer, shi kansa ya ajiye garkuwarsa. Daga 1972 zuwa 1984 tambarinsa wani harafin W ne da aka zana da sanduna uku masu zagayayyen baki, aikin mai zane Saul Bass. Wato a shekarar da fim ɗin Shaw ya shiga Amurka a ƙarƙashin inuwar Warner, mai aron ne yake riƙe da garkuwa, mai asalin ya jingine tasa.

Bayan zazzaɓin finafinan kunfu na 1973 ya lafa, manyan kamfanonin Amurka suka ja baya, ƙanana suka shigo. Wanda ya fi tasiri a kan finafinan Shaw shi ne World Northal. Shi ya riƙa sayensu yana kai su ƙananan gidajen silima na tsakiyar birane, daga baya ya haɗa su kashi-kashi ya sayar wa tashoshin talabijin. Sunaye suka sauya. The 36th Chamber of Shaolin na 1978, aikin Lau Kar-leung da jarumi Gordon Liu, ya koma Master Killer. Mighty Peking Man ya koma Goliathon. An ɗora muryoyin Turanci, an rage wuraren da jini ya yi yawa, an gajarta don talla ta sami wuri.

Talabijin ta yi wa kalmar Shawscope illa ta musamman. Faɗin hoton Shaw ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, akwatin talabijin na wancan zamani kuwa kusan murabba'i ne. Kafin hoton ya cika akwatin sai an datse kusan rabinsa daga gefe da gefe. Darakta ya tsara faɗan mutum ɗaya da mutum goma, mai kallo a gida sai ya ga mutum uku da hannun na huɗu. Tambarin da aikinsa alfahari da faɗi ne, ko an bar shi, sai dai a matse shi ya yi tsawo ko haruffan gefe su ɓace. Duk da haka ta wannan hanyar ce yaran unguwannin New York suka san Shaolin, har ƙungiyar mawaƙan Wu-Tang Clan ta ɗauko ɗakuna 36 na sunan fim ɗin The 36th Chamber of Shaolin ta sa a sunan kundinta na farko a 1993.

Run Run Shaw ya gwada wata dabara, wato haɗin gwiwa. A 1974 ya haɗa hannu da kamfanin Hammer na Ingila suka yi The Legend of the 7 Golden Vampires, Peter Cushing da David Chiang a allo ɗaya. Fim ɗin bai isa Amurka ba sai 1979, a guntule, da sabon suna The 7 Brothers Meet Dracula. A 1975 ya yi Cleopatra Jones and the Casino of Gold tare da Warner. Mafi shahara shi ne Blade Runner na Ridley Scott a 1982, wanda ya zuba kuɗi a ciki. Tambarin da ya buɗe wannan fim itaciyar kamfanin Ladd ce. Shi kuwa attajirin Hong Kong, wanda Sarauniyar Ingila ta ba lambar Sir a 1977, sunansa ne kawai ya fito cikin jerin rubutun farko. Kuɗi sun saya masa layi ɗaya, ba su saya wa garkuwar wuri ba.

Kada a ɗauka Shaw kaɗai abin ya shafa, ko kuwa kullum ciniki ne dalili. Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, fim ne da dattawan Arewa suka haddace. Tambarin kamfanin Mehboob yana ɗauke da lauje da guduma, alamar kwaminisanci, ko da yake muryar da ke rakiyarsa magana take a kan ikon Allah. Da aka tashi kai fim ɗin gasar Oscar, lokacin yaƙin cacar baka yana kan ganiyarsa, sai aka cire tambarin daga kwafin da aka aika. Fim ɗin ya shiga sahun ƙarshe a 1958, Nights of Cabiria na Italiya ya lashe. Su ma manyan Hollywood suna raba duniya a tsakaninsu. Titanic na 1997 na Paramount ne a Amurka da Kanada, na Fox ne a sauran duniya, kuma kowane ɓangare da wanda ke gaba a nasa kwafin.

To ina ƙasar Hausa a cikin wannan taswira? Tana can ƙarshen layi. Tun daga silimar Rex da aka buɗe a Kano a 1937, har zuwa su Palace, Plaza, Orion, El Dorado da Marhaba, harkar shigo da fim da nuna shi ta daɗe a hannun 'yan kasuwa baƙi, musamman 'yan Labanan. Finafinan Indiya ne suka fi cin dararen mako, na Chana da na Amurka suka raba ragowar. Kwafin da ke isowa sau da yawa ya riga ya zaga wasu ƙasashe, ya sha majigi har ya gode Allah, ruwan karce na zuba a allo, wasu wuraren sun yi tsalle. Daga abin da aka faɗa a baya game da bakin faifai, kowa zai iya hasashen wurin da ya fara lalacewa.

Ɗan kallon Kano ko Kaduna ko Damagaram bai damu da kamfani ba. Rabonsa mai sauƙi ne: Indiya, Chanis, Amurka. A cikin fim kuma akwai akta akwai bos. Wannan ne ya sa ake cakuɗa gidaje biyu da ba sa ga-maciji, wato Shaw da Golden Harvest. Bruce Lee, wanda sunansa ya zama sunan sana'ar baki ɗaya a bakin yara, bai taɓa jan fim ɗin Shaw ba. Shaw ya yi masa tayin kwangila irin wadda yake ba 'yan wasansa, kuɗin suka yi masa kaɗan. Sai Raymond Chow, tsohon babban jami'in Shaw da ya fice a 1970 ya kafa Golden Harvest tare da Leonard Ho, ya ɗauke shi. The Big Boss ya fito a 1971, Fist of Fury a 1972. Rasa Bruce Lee da Shaw ya yi na daga cikin manyan kurakuran ciniki a tarihin fim, kuma daga gidan Golden Harvest ɗin ne Jackie Chan ya ci duniya daga baya.

Al'adar ɗora tambari a kan aikin wani ba ta mutu ba, ta ma zo gida. Finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa a yau sukan buɗe da tambari da sanarwar kamfanin da ya yi fassarar, kuma a wurin mai saye a kasuwa wannan sunan ne abin dogaro, shi yake tambaya. Sunan kamfanin Mumbai ko Hyderabad da ya kashe kuɗin ɗauka ba ya cikin cinikin. Abin da World Northal ya zame wa yaron New York, shi mai fassara ya zame wa yaron Kano.

A tsakiyar shekarun 1980 Shaw ya kusan daina shirya fim, ya mayar da hankali kan tashar talabijin ta TVB wadda Run Run yake cikin waɗanda suka kafa a 1967. Taskar finafinan kuwa sai aka kulle ta. Daidai lokacin da kaset ɗin bidiyo ke mamaye duniya, yawancin finafinan Shaw ba su fito ta halastacciyar hanya ba. Abin da ya yi ta yawo shi ne kwafin kwafi, wanda aka naɗa daga talabijin ko daga tsohon faifai, launi ya koɗe, gefe ya tafi, fassara rabi a waje. Rashin ganin garkuwar a tsaftace ya ƙara mata daraja a idon masoya. Wanda ya dace da kaset mai cikakken tambari da busarsa ya san ya sami kwafi na kusa da asali.

An buɗe taskar ne bayan kamfanin Celestial Pictures ya sayi finafinai 760, ya wanke su ya gyara da kwamfuta, ya fara fitar da su a DVD daga 2002. Shekara guda bayan haka, a 2003, Quentin Tarantino ya yi abin da babu wani mai rarraba fim na Amurka da ya yi tunaninsa shekaru 30 kafin nan. Ya buɗe Kill Bill da tambarin Shawscope da busarsa, alhali ba Shaw ne ya shirya fim ɗin ba. Ya ɗauko Gordon Liu ya ba shi rawa biyu, ɗaya a kowanne daga kashi biyu na fim ɗin. Wasu na ganin girmamawa ce, wasu na ganin ado ne kawai da kayan mutane. Ko wanne ne, miliyoyin 'yan kallo a Yamma a lokacin suka fara ganin garkuwar a babban allo da cikakken faɗinta, a gaban fim ɗin Ba'amurke.

Run Run Shaw ya rasu a watan Janairun 2014 yana da shekara 106. A ƙarshen 2021 kamfanin Arrow na Birtaniya ya fitar da akwatin finafinai 12 da aka gyara, ya kuma sa wa akwatin suna Shawscope, kundi na biyu ya biyo baya a 2022. Mai sayen irin waɗannan faya-fayai a yau galibi sai ya wuce tambarin mai rarrabawa, ya wuce na Celestial mai riƙe da haƙƙin mallaka, kafin ya iso ga garkuwar kamfanin da ya ɗauki fim ɗin a Clearwater Bay.